Cinikin 'Yan Ƙwallo A Shekarun Ƙuncin Rayuwa

Muna neman izini mu yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga kamar bai kai a ɓata masa takarda ba, wato maƙudan kuɗin da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ke zubawa wajen sayen 'yan wasa a daidai lokacin da talaka ke auna hatsi da gwangwani. Dalilinmu kuwa shi ne wannan magana ta riga ta shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Yaron da bai san kuɗin buhun dawa ba ya san nawa aka sayi ɗan wasan gaba na wata ƙungiya a Ingila, ya kuma san shekarun kwantiraginsa. Abin da yara suka haddace har haka ya wajaba manya su san tushensa, domin su iya amsawa idan an tambaye su.

Mu mutanen Hajj Abdalla ne, wani gari a yankin Jazira ta ƙasar Sudan, kudu da birnin Wad Madani a kan hanyar Sinnar, kusa da gaɓar Shuɗin Nilu. Kakanninmu Hausawa ne da suka biyo hanyar hajji da ƙafa, wasu kuma suka zo cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno can gaba da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban gandun noman ban ruwa na Jazira, wanda daga baya faɗinsa ya kai faddan miliyan 2. Hannayen kakanninmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta riƙe baitulmalin Sudan shekaru masu yawa. Saboda haka mu mutane ne da suka tashi suna lissafin komai da kaka: abin da aka shuka, abin da aka ranto, da abin da ya rage bayan an biya.

Tare da haka, ƙwallo ta shiga jininmu kamar yadda ta shiga jinin kowane ɗan Sudan. Ƙasar ta kasu gida biyu tun kafin a haife mu: masu shuɗiyar riga ta Al-Hilal, wadda aka kafa a 1930, da masu jar riga ta Al-Merrikh, wadda ta ɗauki wannan suna a 1927, dukkansu a birnin Umdurman. A gida guda sai ka tarar wa Hilal, ƙane Merrikh, uwa kuma tana sulhu. Lokacin rajistar 'yan wasa, wanda a nan ake kira tasjilat, ya zama mana tamkar wata kaka ta daban. A shekarun ƙuruciyarmu jaridun wasanni na Khartum kan iso mana a motocin Madani, a yi ta karɓa-karɓa da kwafi guda har ya yage, ana karanta labarin wane ɗan wasa aka ɓoye a wane gida don kada abokan hamayya su riga sa hannu da shi, da nawa wane attajiri ya ajiye a kan tebur.

Mahaifinmu, wanda ya daɗe yana limancin masallacin unguwarmu, bai taɓa hana mu ƙwallo ba matuƙar ba ta ci lokacin salla ko na karatu ba. Sai dai yana da wani ma'auni da yake yi wa duk wanda ya zo neman shawara kafin ya sayi saniya, ko injin ban ruwa, ko ya ɗaura wa ɗansa aure. Yakan tambaye shi daga ina kuɗin za su fito. Sannan ya tambaye shi wa zai biya idan shekara ta ƙi. Daga ƙarshe ya tambaye shi me zai rage a hannunsa bayan kaka uku. Bai taɓa yin waɗannan tambayoyi a kan ƙwallo ba, amma da muka girma muka ga babu kasuwar da ta fi buƙatar su kamar kasuwar 'yan wasa. Da su za mu auna abin da muka gani da idonmu.

A ƙarshen 2008, muna samari a makarantar sakandare, Al-Merrikh ƙarƙashin shugabancin attajiri Jamal al-Wali ta ɗauko Stephen Worgu daga ƙungiyar Enyimba ta garin Aba a Najeriya. Yaron shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a gasar zakarun Afirka ta wannan shekara, da ƙwallaye 13. Kafofin labarai suka ruwaito cewa cinikin ya kai dala miliyan 2.6, wato sama da miliyan 5 na kuɗin Sudan, wanda muke kira jine, ko kuma sama da sefa miliyan dubu ɗaya a canjin wancan lokaci. Mu Hausawan Jazira mun yi alfahari iri biyu: ƙungiyar ƙasarmu ta kayar da manyan masu neman yaron, yaron kuma ya fito daga ƙasar kakanninmu, ko da yake ba Bahaushe ba ne.

To amma a wane hali duniya take a lokacin? A ranar 15 ga Satumban 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, ya ja tattalin arzikin duniya zuwa mawuyacin hali. Gangar man fetur da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekarar ta ƙare, alhali mai shi ne sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da Sudan ke fitarwa waje. A nan gida kuma, bayan dokar gandun Jazira ta 2005, hukuma ta janye hannunta daga yawancin ɗawainiyar da ta saba yi wa manoma. Magudanan ruwa, waɗanda muke kira tur'a, suka riƙa cika da taɓo da ciyawa, noman auduga ya ja baya, a 2009 kuma aka sallami ɗimbin ma'aikatan gandun. Manomin da ruwa bai isa hawasharsa ba, wato rabonsa na gona, shi ne da yamma zai kasa kunne ga rediyo yana jin miliyoyin da aka biya don ƙafar yaro guda.

Ba Sudan kaɗai ba ce ta yi haka. Makonni biyu kafin faɗuwar wancan banki, masu kuɗi daga Abu Dhabi suka sayi Manchester City, a ranar kuma suka ɗauko Robinho a kan fam miliyan 32.5. A 2009, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu neman aiki a Sifen ba shi da aikin yi, Real Madrid ta sayi Cristiano Ronaldo a kan fam miliyan 80, bayan ta riga ta ɗauko Kaka. A 2017 Paris Saint-Germain ta biya yuro miliyan 222 a kan Neymar. A bazarar 2023, ana tsakiyar kukan tsadar rayuwa a Birtaniya, ƙungiyoyin gasar Firimiya suka kashe sama da fam biliyan 2.3, a bazarar 2025 kuma suka haura biliyan 3. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa wannan kasuwa tana wata duniya ce da fari ba ya shiga.

Bari mu fara da tambayar farko ta Malam: daga ina kuɗin ke fitowa? A Turai babban rafin shi ne talabijin. Gasar Firimiya ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin Birtaniya kaɗai, na kaka huɗu daga 2025, a kan fam biliyan 6.7, ban da abin da take samu daga sauran duniya. Irin wannan yarjejeniya ana ƙulla ta ne shekaru kafin lokaci, shi ya sa ko da kasuwa ta faɗi ƙungiyoyi na da abin kashewa. Kamfanonin da suka biya kuma suna tattaro kuɗinsu daga masu kallo. Mai gidan kallo a Madani yana biyan beIN, na Maradi yana biyan Canal+, na Kano yana biyan DStv, shi kuma yana karɓa daga aljihun yaranmu a bakin ƙofa. Ashe kenan ba 'yan kallo kawai muke ba a wannan kasuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wani ɗigo na ruwan daga tulunanmu ya fito.

Rafi na biyu shi ne bashi, kuma a nan ne ɗan Jazira ya fi kowa saurin ganewa. Muna da wata tsohuwar mu'amala da ake kira shel: manomi ya matsu a tsakiyar damina, sai ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ko kayan masarufi, a kan zai biya da amfanin gona idan kaka ta yi, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Ya ci yau, amma rumbunsa na gobe ya riga ya zama na wani. A watan Agustan 2021 shugaban Barcelona ya sanar da cewa bashin da ke kan ƙungiyar ya kai yuro biliyan 1.35, a watan ne kuma Lionel Messi ya bar ta domin ba ta da halin yi masa rajista. Shekara ta zagayo, a 2022, sai ƙungiyar ta sayar wa wani kamfanin Amurka, Sixth Street, kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin da za ta samu daga gasar Sifen har tsawon shekaru 25, ta shiga kasuwa ta ɗauko Lewandowski da Raphinha da Kounde. Dattawanmu da ba su taɓa ganin teku ba sun san sunan wannan ciniki. Shel ne, sai dai an sa masa kwat.

Akwai kuma dabarar lissafi da ya kamata magidanci ya sani. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa a kan miliyan 100 da kwantiragin shekara biyar, a littafinta miliyan 20 kawai take rubutawa duk shekara. Idan ta ja kwantiragin zuwa shekara takwas, sai ya zama miliyan 12.5. Haka Chelsea ta yi a Janairun 2023 da ta sayi Enzo Fernandez a kan fam miliyan 106.8 ta ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi, har hukumar ƙwallon Turai ta taƙaita wannan rabo zuwa shekara biyar a wannan shekarar. Nauyin bai ragu da komai ba, an dai shimfiɗa shi ne a kan shekarun da ba su zo ba tukuna, a bisa zaton cewa za su zo da alheri.

Tambaya ta biyu ita ce wa zai biya idan shekara ta ƙi. Ƙungiyar Portsmouth ta Ingila ta ɗauki kofin FA a 2008 da 'yan wasa masu tsada, a watan Fabrairun 2010 kuma ta kasa biyan basussukanta aka damƙa ta hannun masu kula da karayar arziki. A ƙa'idar ƙwallon Ingila, 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi ake fara biya cikakke, su kuwa ƙananan 'yan kasuwar gari da suka ba ƙungiyar kaya ko suka yi mata aiki, ɗan abin da ya rage aka raba musu. A 2012 Rangers ta Sikotland, mai dogon tarihi, ta rushe ta koma farawa daga rukuni na huɗu. Wanda ya yi tafi ranar da aka kawo sabon ɗan wasa da wanda ya yi asara ranar da aka rufe littafi, sau da yawa mutanen gari guda ne.

A Sudan kuwa babu wancan rafi na talabijin, kuɗin ƙofa kuma ba ya biyan albashin baƙo ko guda. Abin da ya riƙe manyan ƙungiyoyin biyu shi ne aljihun attajirai: Jamal al-Wali a Merrikh, Salah Idris a Hilal cikin shekarun man fetur, daga 2014 kuma Ashraf al-Kardinal. Adalci ne a faɗa cewa waɗannan mutane sun kashe dukiyarsu, sun gyara filaye, sun ɗaga sunan ƙasa. Merrikh ta kai wasan ƙarshe na kofin Confederation a 2007, ta kawo shahararren mai tsaron gidan Masar Essam El-Hadary ya buga mata a 2011, a 2015 kuma ƙungiyoyin biyu suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Amma ginin da ya tsaya a kan ginshiƙi guda yana girgiza duk ranar da ginshiƙin ya motsa. Yadda ƙasar ta jingina da mai ta juya wa gona baya, haka ƙungiyoyin suka jingina da aljihun mutum ɗaya suka yi sakaci da renon 'yan wasa.

A ranar 9 ga Yulin 2011 Kudancin Sudan ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Daga nan jine ya fara gangara. A 2008 kimanin jine biyu ke sayen dala guda. A Fabrairun 2021 gwamnati da kanta ta mayar da farashin daga 55 zuwa 375, a shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 350 cikin ɗari. A 2024 dala ta wuce jine dubu biyu a kasuwar bayan fage. Kwantiragin baƙon ɗan wasa da dala ake rubuta shi, ɗan kallo kuwa da jine yake biya a ƙofa, don haka duk faɗuwar jine sai ta ninka nauyin alkawarin da aka riga aka ɗauka. Mu kuma a ƙasa muna ganin namu rabon. A Satumban 2013 zanga-zangar cire tallafin mai daga Madani ta tashi. A farkon 2018 Hilal ta buɗe filinta da aka sabunta, wanda ake kira Shuɗin Lu'ulu'u, a Disamban shekarar kuma burodi ya tashi daga jine ɗaya zuwa uku a Atbara, jama'a suka fito titi, abin da ya kai ga faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir a Afrilun 2019.

Tambaya ta uku ita ce me ya rage. Worgu bai zura ƙwallaye a Umdurman kamar yadda ya zura a Aba ba, kofin zakarun Afirka da aka saye shi dominsa kuma bai zo ba. Kofin nahiya guda ɗaya da wata ƙungiyar Sudan ta ɗauka a hukumar ƙwallon Afirka shi ne na masu riƙe da kofi, wanda Merrikh ta ci a 1989 bayan ta doke Bendel United ta Najeriya, shekaru goma kafin ƙasar ta fara fitar da mai, da yaran gida irin su mai tsaron gida Hamid Brema. Kofin ƙasashen Afirka guda ɗaya da Sudan ta ɗauka kuma a 1970 ne, a Khartum, lokacin da auduga ce dukiyar ƙasa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, tarihin ƙwallonmu kuma bai ƙaryata su ba.

Kada mai karatu ya fahimci cewa muna hassadar ɗan wasa a kan abin da ya samu. Ɗan wasa ma'aikaci ne, jarinsa gwiwarsa, shekarun cin moriyarsa kuma ba su cika wuce goma sha biyar ba. Bayansa akwai uwa da ƙanne da dangi masu jiran aike. Ba za mu manta da ranar 6 ga Maris na 2010 ba, da Endurance Idahor, wani ɗan Najeriya mai buga wa Merrikh, ya yanke jiki ya faɗi a fili ana wasa da Al-Amal ta Atbara, rai ya yi halinsa. Mai shuɗiyar riga da mai ja duk sun yi kuka ran nan. Addininmu ya tsananta a kan biyan ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci, kuma abin kunya ne yadda a ƙasashenmu na Afirka ake samun ƙungiyar da za ta yi bikin sabon baƙo alhali tsofaffin 'yan wasanta suna bin ta albashin watanni. Wanda yake da bashin ma'aikaci a wuyansa ba shi da hurumin zuwa kasuwa neman ƙari.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara tsananta wannan tambaya. A Disamban shekarar ya iso Madani, ya bazu cikin garuruwan Jazira har da namu, da yawa daga cikinmu suka bar gida da abin da kai zai iya ɗauka, suka nufi Sinnar da Gadarif da Kassala. Sai a Janairun 2025 aka kwato Hajj Abdalla da Madani, mutane suka fara komawa. A tsakanin nan gasar ƙasa ta tsaya, filayen Umdurman suka zama kufai. Hilal da Merrikh suka yi hijira su ma: sun buga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, daga nan suka koma ta Ruwanda. Hilal, ƙarƙashin mai horarwa Florent Ibenge ɗan Kwango, da 'yan wasa daga ƙasashen Afirka daban-daban, ta kai wasan dab da na kusa da ƙarshe a gasar zakarun Afirka a Afrilun 2025. Ƙungiyar ƙasa kuma, wadda ƙashin bayanta 'yan waɗannan ƙungiyoyi biyu ne, ta samu gurbin gasar ƙasashen Afirka a Nuwamban 2024 ƙarƙashin Kwesi Appiah, ta bar Gana a baya.

A waɗannan kwanaki mun zauna cikin azuzuwan makarantu da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, mutum goma a kan waya guda, muna bin wasa. Da safe kuma mu ne a layin takiyya, wato tukunyar sadaka da matasan unguwa ke ɗorawa, da kwano a hannu. Wasu daga cikinmu suka ce haramun ne a biya baƙo da dala alhali yara na kwana da yunwa. Wasu suka ce wannan ƙungiya ita ce abu guda da ya rage mai ɗauke da sunan Sudan a gaban duniya ba tare da an haɗa shi da gawa ba. Mun saurari duka biyun, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Abin da muka tsaya a kai shi ne akwai bambanci tsakanin kuɗin da ke raya ƙungiya, ya biya albashin yaran gida da masu yi musu hidima a ƙasar baƙunta, da kuɗin da ake zubawa don a ce wane ya fi wane. Na farko riƙon amana ne. Na biyu almubazzaranci ne ko a shekarar yalwa, balle a shekarar yunwa. Hanyar bambance su kuwa ita ce a buɗe littafi, mambobi da magoya baya su ga abin da ya shigo, da abin da ya fita, da bashin da aka bari.

Akwai hanyar da wannan kasuwa za ta amfani garuruwa irin namu, ita ce hanyar manomi. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ahmed Musa ya zura ƙwallaye 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow a 2012, sai Leicester a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, a 2017 kuma ya buɗe cibiyar wasanni a Kano. Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara guda bayan haka CSKA ta saye shi. A irin wannan ciniki dukiya shigowa take yi. Amma rabon mai reno ba ya isa sai ga ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta, wadda ta rubuta sunan yaron da shekarunsa na gaskiya. Yaranmu da ke buga dafuri babu takalmi a bakin tur'a, idan Allah ya ɗaukaka ɗaya daga cikinsu, babu takardar da za ta nuna inda ya fara. Da ɗan kaso kaɗan na kuɗin baƙo guda za a share fili, a kafa raga, a biya mai horarwa, a yi wa ƙungiyoyin ƙauyuka da yawa rajista.

Saura abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Waɗannan miliyoyi da yara ke ji suna sa musu mafarki, mafarkin kuma yana da masu farautarsa. Duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗin biza zai kai yaro Turai gwaji, a tuna cewa dokar FIFA ta hana ƙetarar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba sai a 'yan ƙayyadaddun halaye, kuma ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa. A kuma lura da caca, wadda ta shigo ta wayoyin hannu tana amfani da sunan ƙwallo. Ko a Ingila, a Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya sun amince su cire tallan kamfanonin caca daga ƙirjin rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sannan kada mu yi wa shugabannin ƙungiyoyi wa'azi mu manta da kanmu. Magidancin da ya ci bashi don lefen ɗansa ya fi na maƙwabci, da matar da ta kwashe adashinta na shekara a kan ankon biki guda, da saurayin da ya sayar da akuyar uwarsa ya sayi waya, duk a kasuwa guda suke da mai sayen ɗan wasa don ya ƙure abokin hamayya. Bambancin kawai yawan sifirin da ke bayan lambar. Idan yaro ya zo da labarin cewa an sayi wane a kan miliyan ɗari, maimakon a kore shi ko a taya shi mamaki, a zaunar da shi a yi lissafin tare: daga ina kuɗin suka fito, wa zai biya idan abin ya ƙi, me kuma zai rage bayan kaka uku. Yaron da ya iya yi wa Barcelona waɗannan tambayoyi zai iya yi wa kansa ranar da ya riƙe gida.

Muna roƙon Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya cika tur'o'inmu da ruwa da rumbunanmu da hatsi, ya raba mu da bashin da ba mu da halin biya, ya kuma shirya mana zuriyarmu a fili da cikin gida. Ku sa 'yan uwanku na Jazira a cikin addu'o'inku.